Sakamakon Wata Na Tura wa Malama

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma da wuri, domin abin da ke hannuna ba na jira ba ne. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina gogewa. Idan kin ga na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, kaina ne ba a wuri ɗaya yake ba.

Shekaruna ashirin da tara, aikin kwamfuta na karanta. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da ɗakin gwajin jini da sauran gwaje-gwajen asibiti, ma'aikata goma sha huɗu ke ci a ƙarƙashinsa. A gidansa na tashi tun rasuwar mahaifinmu, har yau kuma Inna tana zaune a sashen baya na gidan. Bara waccan ya ce in yi masa manhajar da za ta riƙa tura wa mutane sakamakonsu ta waya, don a rage cunkoso a bencin jira. Na yi murna, domin karon farko ke nan da ya ɗauke ni a matsayin mai sana'a. Da can ni ce dai 'yar da ake kira idan na'urar buga takarda ta ƙi aiki.

Ga yadda na tsara abin. Duk sakamakon da ya fito, a ɗauki hotonsa a ajiye da sunan mutum, sai alamar nan mai kama da tsani, wato #, sai lambar katinsa. Ni na zaɓi alamar, don kawai ta yi mini kyau a ido. Daga nan manhajar ta tura wa mutum saƙo ɗauke da adireshin da zai latsa ya ga takardarsa. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a adireshin intanet duk abin da ya biyo bayan wannan alama ba ya isa ga kwamfutar da ke ajiyar. Suna kaɗai ke zuwa, lambar katin a wayar mutum take tsayawa.

Ranar da muka fara, kowa ya latsa sai a ce masa babu fayil. Waya ta yi ta ƙara a teburin karɓar baƙi, Kawu yana tsaye a bayan kujerata yana kaɗa makullan motarsa. Ban tsaya neman dalili ba, Anti. Layi biyu na ƙara a manhajar: idan ba a sami fayil ɗin daidai ba, a ba mutum na ƙarshe da aka ajiye da wannan suna. Nan take komai ya tashi. Kawu ya dafa kaina a gaban ma'aikata ya ce ashe karatun bai tafi a banza ba. Wata goma sha huɗu ana haka, babu wanda ya yi ƙorafi.

Sati uku da suka wuce wani dattijo tela ya shigo yana dariya, da awon ɗinkinsa rataye a wuya. Ya ce likitansa ya aiko shi ya tambaye mu wane magani muka ba shi, domin takardarmu ta ce shekarunsa talatin da ɗaya, shi kuwa jikarsa ta kusa kai haka. Hajiyar da ke teburin karɓar baƙi ta duba, ta buga masa tasa, aka yi ta raha ya tafi. Ni da ke gefe ina gyara wayar kwamfuta sai na ajiye ta na duba sunansa. Sunansa ɗaya da wani saurayi da ya zo kwana biyu bayansa.

Da yamma na zauna na bi rajistar da kwamfutar ke ajiyewa, wadda ke nuna wanda ya buɗe me da kuma yaushe. Mutum goma sha ɗaya na samu da suka karanta takardar da ba tasu ba. Goma daga ciki gwajin zazzaɓi ne da na sukari da makamantansu, wasu ma sakamakon nasu ya zo ɗaya. Ta goma sha ɗayan ce ta hana ni cin abinci.

Wata biyar da suka wuce mun yi makon gwajin bakin mahaifa da rangwame, mata sun fi ɗari uku. Biyu daga cikinsu sunansu ɗaya har na uba. Ta farko malamar makarantar yara ce, takardarta ta ce an ga abin da ke bukatar ta je wurin likita ba tare da ɓata lokaci ba. Ta biyu babu komai a tata. Malamar ba ta buɗe saƙonta ba sai ranar da aka riga aka ajiye na ɗayar. Rajista ta nuna ta buɗe sau ɗaya, ba ta sake ba. Ba ta dawo ba, ba ta kira ba. Me zai dawo da ita, tunda an ce mata lafiyarta ƙalau?

Washegari na sami Kawu a ofishinsa na faɗa masa duka. Ya tashi ya rufe ƙofa. Sannan ya ce in gyara manhajar, in bar masa sauran, shi zai san yadda zai yi da matar. Ya ce idan maganar ta fita masu duba lasisi za su garƙame wurin, kuma in tuna da bakuna nawa ke ci daga nan. Bai ambaci Inna ba, amma na fahimta. Na gyara a ranar. Sati uku ke nan, lambar malamar na nan a takardar da na ajiye masa, ya ɗora kofin shayi a kai har ya yi mata zobe. Duk sanda na tambaya sai ya ce yana sane. Shekaranjiya kuma ya tambaye ni, kamar da wasa, ko wannan rajista tana gogewa, wai don kada ta cika kwamfuta.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A katinta akwai sunan makarantar da take koyarwa. Ranar Talata na je na tsaya a tsallaken titi lokacin tashi. Na gane ta da hoton katin. Tana bakin ƙofa tana miƙa yara ga iyayensu, ta durƙusa ta ɗaure wa wata igiyar takalmi, tana dariya da mai gadi. Ko alamar ciwo babu a jikinta. Na riƙe wayata da lambarta a kai har aka rufe ƙofar, na juya na tafi.

A gida Inna ta fara tambaya ko ni da Kawu mun sami saɓani, don ta ga ba na shiga gaishe shi da safe. Idan na kira matar a bayan idonsa, na ci amanar mutumin da ya riƙe mu. Idan na yi shiru, ban san abin da ke girma a jikinta ba a kowace rana da nake shirun. Kuma laifin nawa ne, ni na rubuta layukan nan biyu. Anti, ya zan yi?

'Yarki da ta kasa tsallaka titi

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ture sauran na sa ta a gaba, domin ke ma kin san ba ta jira. Kin haɗa abubuwa uku a ƙulli ɗaya: lafiyar malama, tsoron Kawu, da laifinki. Ba nauyinsu ɗaya ba. Na farkon ne kaɗai jinkiri ke iya mayar da shi abin da ba ya gyaruwa.

Ban ɗauki kawunki mugu ba. Mutum ne da ya gina wuri da guminsa, ya ga yana iya rushewa, tsoro ya ɗaure masa hannu. Damuwarsa kan ma'aikata gaskiya ce. Amma ya yi lissafin a karkace. Wurin da ya gano kuskurensa ya kira mutane ya gyara, yana da abin faɗa a gaban hukuma. Wurin da ya sani ya yi shiru, har ya goge shaida, ba shi da shi. Saboda haka kada ki taɓa rajistar nan, ko ya sake tambaya. Ki ce masa a'a cikin ladabi, ki faɗa masa cewa goge ta ne zai fi jefa shi a masifa.

Gobe da safe ki shiga ki gaishe shi yadda kika saba, sannan ki gaya masa cewa kafin azahar sai an kira malama: ko shi, ko babban ma'aikacin gwajinku, ko ke. Wannan ba cin amana ba ne, tunda a gabansa kika faɗa. Idan kina jin bakinki zai yi nauyi, ki fara sanar da Inna. Ƙanwarsa ce, ta san ta inda ake shiga masa, kuma ina zaton ba za ta so a ce don rufin ɗakinta aka bar wata mata cikin duhu ba.

In ya kasance ke ce za ki kira, kada ki karanta mata sakamako a waya, kada kuma ki tare ta a ƙofar makaranta. Ki ce an sami kuskure a takardar da aka tura mata, ana so ta zo a ranar ta karɓi tata. Ta tarar da wanda ya san aikin ya yi mata bayani, a haɗa ta da likita kafin ta fita. Irin wannan sakamako ba hukunci ba ne, sau da yawa abu ne da ake magancewa idan an tare shi da wuri, kuma likita ne zai faɗi inda ake. Za ta iya yin fushi, tana da haƙƙi. Ki tsaya ki ji, ki ba ta haƙuri ba tare da kare kai ba. Bayan ita, sauran goman ma a kira su, haka waɗanda baƙo ya karanta takardunsu.

Game da manhajar, na tambayi wata da ta fi ni sanin aikinku. Ta ce cire alamar kaɗai bai isa ba. Ki fitar da sunan mutum daga adireshi gaba ɗaya, kowace takarda ta sami doguwar lambarta da ba a iya cinka. Ki gwada tsarin da sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, da masu alamar ɗauri a sama irin ta 'ya, da masu tazara a tsakani, ki kuma sa wani ya duba aikinki. Abin da ta fi nanatawa shi ne, manhajar da ba ta sami abu ba ta ce ba ta samu ba, kada a koya mata cinke.

Kuskuren da kika yi na gaggawa ne, a ranar da ake tsaye a kanki, kuma ke ce kika bi sawunsa har kika gano shi alhali kowa na dariya. Wancan ba ki san kina yi ba. Shirun da za ki yi daga gobe kuwa da saninki ne. Allah ya ba malama lafiya, ya sanyaya zuciyar kawunki, ya ba ki ƙarfin yin kiran nan kafin azahar.

Antinku