Muryar Raudatu a Talabijin ɗin Surukai

Tsohuwar Kasuwa, Potiskum.

Zuwa ga Yayana Kaumi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da kai da iyali da sanyin ruwan Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiyar ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, sai dai wata magana ce ta sa na rubuto.

Ka san waƙar da 'yarka Raudatu ta yi wa iyaye a walimar saukar karatun ajinsu, wadda ta sa wa suna "Rijiyar Gidanmu". Ashe akwai wani fim mai dogon zango da ake nunawa a talabijin da wannan sunan, na soyayya, har da rawa. Magana ta kai Damagum, garin surukai, cewa Raudatu tana cikinsa. Hajiya Meram, uwar Hussain mai neman aurenta, ta aiko cewa a dakata da sa rana.

Ka san ni da zafin kai. Na yafa mayafi na hau mota har Damagum. A gaban Hajiya da 'yan'uwanta na rantse cewa suna ne kawai ya zo ɗaya, yarinyar da na raina da hannuna ba ruwanta da 'yan fim. Don in rufe bakin kowa, na ce a kunna a gani, tunda lokacinsa ya yi. Yaya, ko hoto bai gama fitowa ba muryar Raudatu ta cika ɗakin. Waƙarta ce suke buɗe shirin da ita. Ban san yadda na samu takalmana ba.

Da na dawo na tsare ta. Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta ce masu fim ɗin ne suka nemi waƙar, daga ita suka ɗauki sunan, kuma ita ta yarda, don ba ta ga kalmar kunya ko ɗaya a ciki ba. Ta ce idan Hussain zai fasa saboda ta yi wa iyayenta waƙa, ya fasa.

Yanzu Damagum suna jiran bakinka: ko a sa a cire waƙar, ko a mayar musu da kayansu. Amma kafin ka yanke, ka kunna ka saurara kai kaɗai. Muryar marigayiya uwarta ce sak.

Ka gaida Suwaiba da Modu da Jamilatu. Baba Mala yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Aisa