Na Ƙwace Jan Takalmina

Auta,

Na tafi asibiti kina ta sharar barci, ban so in tashe ki ba. Kada ki wahalar da kanki neman jan takalmin nan a ƙarƙashin gado, yana ƙafata. Na sani, kyauta na ba ki shi lokacin da ƙafafuna suka kumbura suka ƙi shiga komai sai silifas. Ki yi haƙuri, na ƙwace abina.

Tun da likita ya ƙara mini ƙwayar fitsarin nan ruwan jikina yake ta sauka. Yau da safe na hau sikeli na ga nauyi ya ragu. Na danna ƙaurina da yatsa, wurin bai lotsa ba. Sai na ce bari in gwada sa'ata. Ƙafa ta shige sumul! Na tsaya tsakiyar ɗaki ina dariya ni kaɗai.

Za su ɗebi jini su duba ƙoda. In ya yi kyau zan dawo gida, in ba haka ba su ba ni gado. Kin san ciwon nan nawa, ba kowane likita ne ya taɓa ganin irinsa ba, shi ya sa suke kaffa-kaffa.

Banɗaki naki ne yau, na gama zaryata. Ki cire mini abincina kafin ki zuba gishiri, jiya na ji hannunki.

In kumburin ya dawo, takalmi naki ne. Amma ki taya ni addu'a ki yi asararsa har abada.

Yayarki