Hannun da Ba a Ɗagawa

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da motar da kake tuƙawa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ta ga shekaru.

Tun haƙorana suna cike nake jin wai 'ya'yan ƙabilarmu kansu ba ya ɗaukar karatu. Ban taɓa yarda ba, ban kuma taɓa zuwa na duba ba. Sai da malamar 'yarka, jikar nan tawa da nake kira amarya, ta aiko cewa yarinya ba ta buɗe baki a aji, za a mayar da ita baya. Yarinyar da surutunta ke hana ni barcin rana?

Na ɗauki sandata na tafi makarantar. Aka ba ni benci a ƙarshen aji, kusa da tagar da ba ta rufuwa, gwiwoyina har haɓa. Malama ta yi tambaya, 'yan gari suka ɗaga hannu kamar masu tsayar da mota. Namu suka naɗe hannu, suka sunkuyar da kai. Amma ina ganin leɓen amarya yana motsi.

A nan na kama bakin zaren. Mu muka koya musu ɗaga wa babba hannu rashin kunya ne, yaro kuma ba ya magana sai an dafa masa kafaɗa. Kai ma ka sha ranƙwashi a kan haka. Ita malama ba ta jin yarenmu, wa zai gaya mata?

Na gaya mata. Sai ta je ta dafa kafaɗar amarya. Amsa ta zubo kamar an fasa tulu, har da wadda ba a tambaya ba. Yanzu malama zagaya aji take tana dafawa. Ni kuma na ba yara izinin ɗaga hannu, amma a makaranta kawai. Wanda ya ɗaga mini, sandata tana nan.

Don haka maganar da ka yi ta a cire ta daga makaranta a kai ta wurin tela, ka ajiye. Ajinta za ta ci gaba.

Uwarka tana gaishe ka. Wancan zance kuwa, na wai kanmu ba ya ɗaukar karatu, na ji shi a bakin baƙi, na ji a bakin maƙwabta, bai taɓa yi mini zafi ba. Wanda ya faɗa mini shi na ƙarshe, ranar da kake ɗaure kayanka, kai ne.

Mahaifinka.