Shinkafa Mai Zafi Babu Wuta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Yaya ƙafar taka?

Ka san ni da son ɗanɗana abincin sojojin ƙasashen waje. Jiya wani mai gadi a unguwar jakadu, inda nake tuƙi, ya ba ni ƙunshi biyu masu tambarin halal. Ruwan sanyi kawai na zuba a 'yar jakar, sai ga tururi, shinkafa ta yi zafi babu wuta, babu hayaƙi. Ikon Allah. Na daɗe ina kallonta ban ci ba, ina tuna kwana ukun da kuka yi a bakin daga kuna shan garin kwaki don kada hayaƙi ya tona asirinku.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a. Ɗayan na ajiye maka. Da hannunka za ka zuba ruwan.

Ɗanka Habibu,
Riyad