Rabon Anti

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki, kumburin ya saɓe? Mu nan lafiya lau, sai hannun nan da na karya a matakalar shago. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Wannan ce takarda ta uku, biyun farko na yaga su don sun yi kama da tonon kaji. 'Yata, takwararki, tana gaishe ki. Jiya ta rubuta jarrabawar shiga ajin kimiyyar nan da ta ƙwallafa rai a kai tun bara, ki sa ta a addu'a.

Yaya, abin da na gani yau ya fi karayar ciwo. Likita ya ce in huta sati uku. Kin san ƙanwarki, kwana tara na yi na ji kamar ana tsira mini allura, don mun karɓi ɗinkin kayan makaranta guda ɗari biyu, ni kuwa tun da na buɗe shagon nan riga ba ta taɓa fita ba sai ta bi ta hannuna. Kuma ban taɓa ɗaga riga na rasa abin gyara ba, ko zare yana reto, ko maɓalli yana lilo. Har alfahari nake yi da idona.

Kwatsam telolina suka gan ni a shago. Na tarar an gama, an goge, an rataye. Na bi riga arba'in ɗaya bayan ɗaya. Yaya, ko zare ɗaya! Na tambayi Gwaggo, dattijuwar telar nan mai yi mana yanka, wa ya duba musu. Kekuna suka tsaya cak. Ta ajiye almakashi ta ce, “Anti, ba kya nan ne, shi ya sa ba mu bar miki rabonki ba.”

Ashe shekara shida ke nan, duk rigar da suka gama sai su bar zare ɗaya a bakin hannun hagu, ko su sassauta maɓalli, don in gani in gyara hankalina ya kwanta. Wai in ban sami komai ba, wuyan riga nake farkewa, lafiyayyen ɗinki, in sa a sake daga farko. Har suna suka raɗa masa, rabon Anti. Sabuwar tela in ta zo, shi ake fara koya mata kafin a nuna mata inda ake ajiye zare.

Na yi mutuwar tsaye. Mata takwas suna kallona, babu wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ashe lallashina ake yi kamar yarinya mai rigima. Ban san yadda na iso gida ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Tsaf-tsaf (yau na gane sunan nan da kika sa mini ba yabo ba ne)

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin tashi lafiya, ya jikin Inna? Amsarki ba ta iso ba, amma ba zan iya jira ba.

Na ba ƙaninki, maigidana, labarin shago, ina jiran ya taya ni fushi. Sai na ga ya tsura wa silin ido yana sosa ƙeya. Da na matsa masa, ya ce shi ma in ya gyara falo yakan bar matashin kujera ɗaya a karkace, don in na daidaita shi ba na bin sauran. An yi walƙiya na ga kowa, Yaya. Har na so in yi dariya.

Dariyar ta koma ciki ranar Laraba, da malamar lissafin takwararki ta kira ni makaranta. Maki ɗaya ya hana ta shiga ajin. Malama ta shimfiɗa takardar a gabana, ta nuna mini tambayar ƙarshe, ta ɗaga ta saitin taga. Amsar daidai tana nan ƙasa, shatin fensir bai gama gogewa ba. Yarinyar nan ta rubuta daidai, ta goge, ta ɗora kuskure a kai. Malama ta ciro tsofaffin takardunta na aji biyu. Sha tara bisa ashirin, sha tara, sha tara, kuma kullum tambayar ƙarshe. Ta tambaye ni ko akwai wanda ke tsorata ta a gida.

A hanyar gida na tambayi yarinyar. Ta daɗe tana murza igiyar jakarta kafin ta ce, “Mama, ranar da na ci ashirin cif kin ce rubutuna ya karkace, na sake kwafe shafi huɗu. In na faɗi ɗaya, ita kaɗai muke gyarawa, sai ki bar ni in tafi wasa.” Ta ce ba ta yi niyyar yi a wannan jarrabawar ba, hannunta ne ya saba.

Shekararta goma sha ɗaya, Yaya. Babu wanda ya koya mata, ba ta san Gwaggo na yi ba, ba ta san babanta na yi ba. Ni na koya wa kowa, ɗaya bayan ɗaya. Kin tuna da na buɗe shago ake cewa mace ba ta riƙe gida da sana'a, sai ɗaya ya zube? Rantsuwa na yi babu mai samun abin faɗa a kaina, ko nan ko can. Ga abin da rantsuwar ta haifa. Tsoro nake ji, wallahi.

Malama ta ce kujera uku ta rage, za a sake gwada waɗanda suka kusa ranar Asabar. Bayan wannan babu wata dama. Ki taya ni addu'a, ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata.

Taki,
Tsaf-tsaf

*

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri, ya gida, ya yara? Wasiƙarki ta zo, kuma na ji zafin inda kika ce wanzami ba ya son jarfa. Gaskiya kika faɗa.

Ban iya ba da haƙuri ba, ban saba ba. Abin da na iya shi ne na kira takwararki ta ɗinke mini maɓallin rigata tunda hannuna ba ya moruwa. Ta ɗinka shi ya ɗan hau sama, ta miƙo tana satar kallona. Na sa rigar haka nan na tafi shago. Duk yinin ranar maɓallin nan yana harbina kamar ƙudan zuma. Gwaggo ta gan shi, ta kalle ni, ta ci gaba da yankanta. Na ce musu daga yau na yafe rabona. Ba su yarda ba tukuna, jiya ma na ga zare a hannun hagu.

Safiyar Asabar a ƙofar makaranta na gaya wa takwararki duk abin da ta samu ba zan buɗe takardar ba. Ta ce to in ta yi kuskuren gaske fa? Na ce uwarta ta yi wanda ya fi shi, kuma ga ta nan a tsaye.

Yau sakamako ya fito. Ta samu kujera ta uku. Da gudu ta shigo, takalmi ɗaya a ƙofa ɗaya a tsakar falo, tana ɗaga takarda tana ihu, “Mama, biyu na faɗi! Wallahi ba da gangan ba, da gaske ban iya su ba!” Ban taɓa ganin mutum yana murnar faɗuwa haka ba. Hannuna ya miƙa da kansa zai karɓi takardar, sai na kama ta ita, na rungume, na yi kukan da ban yi a shago ba.

Takalmin yana nan inda ta yar da shi, ina kallonsa, yana kallona. Wannan wasiƙar kuma a takarda ta farko na rubuta ta, ban sake kwafe ta ba. Inda tawada ta baje, ki karanta haka nan.

Ki gaida Inna, yanzu kina iya gaya mata.

Ƙanwarki mai rubutu da hagu,
Tsaf-tsaf