Sunana a Gindin Dutse

Litinin, 3 ga Maris, 1834

Zanen minista ya fito. Na yi masa kan alade, yana zaune daram a wuyan wata mai wankau. Mutane sun cika ƙofar shago suna dariya har da riƙe ciki. A kan shimfiɗaɗɗen dutse nake zane, daga shi ake bugawa a takarda. Maigida Eustache, mai injin bugawa, ya ce, "Firmin, ka manta sunanka a gindin dutsen." Na ce sauri ne. Ba sauri ba ne.

Alhamis, 6 ga Maris

'Yan sanda sun zo. Suna kwashe takardu a waje, ni ina ciki da yashi da ruwa, na goge zanen daga dutsen tas. Maigida yana kallona. Sunan shagonsa kaɗai ke jikin takardar, shi suka tafi da shi.

Laraba, 26 ga Maris

Kotu. Alƙali ya tambaye shi wa ya zana. Ya ɗaga baƙaƙen hannayensa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga su nan." Mutumin da ko kaza bai iya zanawa ba. Ina benci na uku, ina kallon takalmina. An yanke masa wata shida. Shekararsa sittin da uku, ga tari.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Matarsa Honorine ta zuba mini miyar albasa. "Ci mana, shi ya ce kada a bar ka da yunwa." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na je gidan yari wurin Maigida. Hannayensa sun yi fari fat, tawadar shekara arba'in ta fita, na kasa kallonsu. "Ɗan nan, kana aiki kuwa, ko ka koma zana wa 'yan mata furanni?" Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, tari ya sarƙe shi, mai gadi ya ce lokaci ya yi.

Talata, 22 ga Afrilu

Na zana alƙalin yana gyangyaɗi a kan ma'auninsa na adalci. A dutse komai a juye ake rubuta shi, sai na ɗan gwada sunana a ƙasa, don dai in ga ko hannuna zai iya. Ya karkace. Yashi yana kusa, ban kai ga gogewa ba. Gobe za a buga.

Na sayo safa mai kauri, ƙafa biyu, an ce sanyin can ba dama. Honorine ta ce, "Duk na Maigida ne?" Na ce ɗaya tasa ce.