Na Sauka a Gangaren Zebilla, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Seidu Mai Doya na Salaga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga ubansa, tare da fatan rahamar Ubangiji tana lulluɓe da makwancinka. Mma tana nan lafiya, sai ciwon bayan nan da ka bar ta da shi. Jikokinka duk lafiya. Ni ma lafiya lau nake, ban da ƙujewa a gwiwar hannu, da kuma ƙara da na kawo. Kai nake ƙara, Baba, kuma gabanka na kawo ta, don ban san wani alƙalin ba.

Na san takardar nan ba za ta iso ka ba. A shafina na intanet zan sa ta, abokai su karanta su yi mini dariya, dama tun ranar Asabar suka fara. Amma shekara shida ke nan da rasuwarka, kuma ban taɓa jin ina son zama a gabanka in yi bayani kamar wannan makon ba.

Ka bar ni ina ɗinki a Yendi, har yanzu ɗinkin nake yi. Abin da ba ka sani ba shi ne, shekara biyu da suka wuce na sayi wani keke na hannu, irin na hawan dutse, mai kaurin taya da giya rututu. Da ka gan shi, na san abin da za ka fara dubawa: ba shi da kariya. Ko doya ɗaya ba inda za a ɗaura masa. Da ka zagaya shi sau biyu, ka taɓa sirdin, ka tambaye ni ko cutata aka yi.

Da shi na shiga tsere. Kada ka ɗaure fuska, ba na ƙwararru ba ne, irin namu ne na masu sha'awa: teloli, malaman makaranta, masu gyaran waya. An shirya shi a duwatsun da ke kusa da Zebilla, a hanyar Bawku. Masu shiryawa suka ce mutum goma na farko za a tafi da su kudu, babban tseren ƙasa. Shi nake so, Baba. Ba zan ɓoye maka ba, na so shi ƙwarai. Na cika arba'in, gwiwoyina sun fara yi mini magana in na tashi daga kan keken ɗinki, na san ba ni da wata shekarar. Wata goma sha takwas ina fita bayan sallar asuba, ina neman duk wani kwazazzabo da tudu a kewayen Yendi, mutane suna cewa Fuseini Tela ya samu taɓuwa.

Kafin in faɗa maka abin da ya faru, bari in tuna maka laifinka.

Ka tuna baƙin kekenka, wanda kake ɗauko doya da shi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Salaga? Ni a kan sandar gaba, doya a baya, kai a tsakiya kana numfashi a ƙeyata. Tafiyar da wasu ke yi a awa ɗaya, mu sai mu ci uku. Duk tsohon da muka haɗu da shi, namiji ko mace, Bahaushe ne ko Bagonje ko Badagombe, sai ka taka birki, ka sauke ni, ka sauka, ka durƙusa da hannu ɗaya riƙe da keke don kada doyar ta kife. A tambayi gida, a tambayi gona, a tambayi gajiya, a tambayi mutanen da suka mutu tun bara. Ni kuwa ina tsaye ina ƙunci, rana tana dukana, kokona yana hucewa a gida.

Ranar da na yi gunaguni, ba ka yi faɗa ba. Cewa ka yi, "Fuseini, keken nan na ɗaukar doya ne, ba na wuce mutane ba. Sauka, ƙafarka ba za ta karye ba."

Ka tuna kuma ina ɗan shekara goma sha biyu, ka aike ni da keken ni kaɗai? Na wuce limamin unguwarmu a guje, na kaɗa masa ƙararrawa, na ɗaga hannu kamar direban lori. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Ba ka taɓa ni ba. Sarƙar keken ka cire, ka sa a akwatinka, kai kanka ka yi mako biyu kana zuwa kasuwa a ƙasa don kawai in ga abin da na jawo. Da duka ka yi mini da ya fi mini sauƙi.

To, ga abin da tarbiyyarka ta yi mini ranar Asabar.

Mun tashi da hantsi. Hanyar ba hanya ba ce, Baba, turbar awaki ce. Hawa na farko tsakuwa zalla, tayar baya tana zamewa, kana taka feda keke yana tsaye wuri ɗaya. Daga nan muka ratsa tsakanin itatuwan kaɗanya, saiwoyi a waje kamar an shimfiɗa igiyoyi, sannan wani busasshen rafi mai yashi wanda ya kayar da mutum uku a gabana. Ni ban faɗi ba. Ƙirjina yana zafi, bakina ya bushe, amma ina tafiya. A wurin shan ruwa na ƙarshe, mai riƙe da takarda ya ɗaga mini yatsu takwas. Na takwas, Baba! Ɗanka, da furfura a gemu, na takwas.

Saura gangare ɗaya. Tun da safe aka gargaɗe mu a kansa. Duwatsu ne jere kamar matakala, kowane da tsayinsa, kwazazzabo a hagu. Dabararsa ɗaya ce: ka janye jikinka bayan sirdi, ka sassauta hannu, kada ka damƙi birkin gaba, ka kalli inda kake son zuwa, kuma duk abin da zai faru kada ka tsaya. Wanda ya sa ƙafa a ƙasa a tsakiyarsa ba zai iya sake hawa ba, babu wurin da zai daidaita keke ya taka. Sai dai ya gangara da shi a hannu har ƙasa.

Na shiga da bisimilla. Dutse na farko, na biyu, na uku, keke yana tsalle a ƙarƙashina, ni kuma ina jin daɗin da ban taɓa ji ba. Sai na karya kwana, na gan shi.

Tsoho ne tukuf, da fartanya a kafaɗa da sanda a hannu. Gonarsa yake hawowa, ko gida, ban sani ba. Ya ji mu, ya raɓe jikin wani dutse ya ba da hanya. Bai tare ni ba, bai kira ni ba, akwai wurin wucewa sarai. Bakwai sun riga sun wuce shi kamar iska. Ya ɗago kai kawai, idonsa ya shiga nawa.

Wallahi, Baba, ban yanke shawara ba. Da na yi tunani da na wuce. Yatsuna ne suka ja birki, ƙafata ta sami ƙasa, keke ya karkata na goge hannu a dutse, kafin in ankara ina durƙushe a gaban bawan Allah da hular kwano a kaina, ina haki, ina ce masa sannu da aiki.

Shi kuma, Allah ya ba shi lafiya, irinku ne. Bai san gaisuwar gaggawa ba. Ya amsa da Kusasanci, da ya ga ban ji ba ya juya Hausa. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi daga ina. Ina amsawa ina jin tayoyi suna wucewa ta bayana. Ɗaya. Biyu. Wani ya daka mini tsawa wai in kauce. Uku. A nan na san goman ta tafi, kuma a nan na ji haushinka, Baba, haushi na gaske, har idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, mutumin nan yana kabari ma bai bar ni na wuce ba.

Sai tsohon ya dube ni da kyau, ya ce, "Kai yaron wane ne?"

Ka san rabon da a yi mini wannan tambayar? A Yendi ni Fuseini Tela ne, ko baban wane. Babu mai tambayar ɗan wa nake, an ɗauka na wuce nan. Na buɗe baki na ce ni ɗan Malam Seidu ne, Mai Doya, na Salaga. Tun ranar addu'ar arba'in ɗinka ban faɗi sunanka cikakke da ƙarfi ba. Muryata ta karye a tsakiya, na ƙarasa da ƙyar, na ce masa ka rasu.

Ya gyara fartanyarsa. Ya ce, "Ni ban san shi ba koraa, ko kaɗan. Amma yau na gan shi. Tashi ka je, suna gudu."

Na gangara da keke a hannu, ina tsallake duwatsun da na yi wata goma sha takwas ina mafarkin sauka a kansu. Kafin in kai ƙasa wasu uku sun ƙara wuce ni. A ƙasa na hau, na taka iya ƙarfina, na kamo mutum ɗaya. Na zo na goma sha uku. Mai riƙe da takarda ya tambaye ni ko faci na yi, na ce a'a. Da labarin ya bazu a Bawku inda muka ci abinci, har da masu buga tebur don dariya. Ban ga laifinsu ba. A duk duniyar masu tsere, ban jin an taɓa yin wanda ya rasa gurbinsa saboda gaisuwa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ban damu ba. Na damu. Motar kudu za ta tashi ba ni ciki, kuma ba za ta sake tsaya mini ba. Har yanzu ina tuna yatsu takwas ɗin nan.

Ran Lahadi ban koma Yendi ba, na zarce Salaga wurin Mma. Na same ta tana tsince wake a tsakar gida. Na ba ta labari tun daga farko, ina jira ta tausaya mini, ko ta ce dama wa ya aike ni. Ba ta tambayi na nawa na zo ba. Ta ce, "A tsaye ka gaishe shi, ko ka durƙusa?" Na ce na durƙusa. Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsintar wakenta, amma na ga ta daɗe tana juya ƙwaya ɗaya a hannu. Can ta sake ɗagowa ta ce, "Yaya sunansa?"

Baba, ban tambaya ba. Na ba shi sunanka, na tashi ban karɓi nasa ba. Mma ta girgiza kai ta ce da kai ne, da har sunan kakansa ka zo da shi.

Don haka na janye ƙarata. Ashe ma aikin naka ban gama koyonsa ba. Ina kewarka, Baba, kewa mai tsanani, kuma da za a ba ni zaɓi tsakanin motar kudu da awa uku a kan sandar kekenka cikin rana, ka san wanda zan ɗauka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Allah ya ƙara wa Mma lafiya da haƙuri. Tsohon nan na gangaren Zebilla kuma, wanda ban san sunansa ba, Allah ya san shi. Allah ya albarkaci gonarsa, ya sa ya gama lafiya. Ya haɗa mu da kai a gidan aminci. Amin.

Ɗanka mai biyayya, ko da ba da son ransa ba,
Fuseini, ɗan Malam Seidu Mai Doya.